Alhakin Kaza a Wuyan Wa?

Daga cikin dabbobin da Bahaushe ke ajiyewa a gida, babu wadda ya saba da ita kamar kaza, babu kuma wadda ya raina kamarta. Ita ce ke kwana dab da ɗakinsa, mijinta ne ke tashe shi da asuba, ita ake kamawa idan baƙo ya sauka, ita ake kai wa kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo babu kuɗin magani. Duk da haka, in aka bi karin maganar da ya yi a kanta, da wuya a ci karo da yabo. Ita ce mai ci ta goge baki, ita ce mai tone-tonen da ke tono wuƙar yanka ta, a kanta kuma aka ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Wannan na ƙarshe ya isa ya nuna inda al'ada ta ajiye ta, watau an yarda akwai sabo, amma an gindaya masa iyaka, iyakar kuwa ita ce wuƙa.

Sai dai ba kowace kaza ce ke kaiwa ga wuƙa ba. Akwai wadda ke mutuwa a hannun mai ita ba da nufinsa ba, ko dai ya matse ta, ko ya taka ta cikin duhu, ko ya manta bai rufe akurki ba, ko ya ba ta abin da ya zaci magani ne. Idan mai kazar yaro ne, ko tsohuwa mai zaman kaɗaici, ko ma babban mutum wanda ya rene ta tun tana tsako har ta san sautin tafiyarsa, abin da ke biyo baya ya wuce baƙin cikin asara. Mutum ya kan kasa cin abinci, ya riƙa maimaita wa kansa cewa shi ya kashe ta. Mutanen gida kuwa amsa biyu suke da ita. Wasu su yi dariya su ce, "Kaza ce fa!" Wasu su ce, "Yi haƙuri, kwananta ne ya ƙare." Abin da wannan maƙala ke son dubawa shi ne ko waɗannan amsoshi sun wadatar, in kuwa ba su wadatar ba, me ya kamata a yi da nauyin da ke zuciyar mai kazar.

Unguwar Yelwa da ke kudancin birnin Bauchi, a kan hanyar Dass, wuri ne da ya dace a yi wannan tambaya. Unguwa ce ta makarantu, domin a nan tsohuwar harabar Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa take, a nan kuma Kwalejin Aikin Gona ta jiha take, sa'an nan ga ma'aikata da ɗalibai da manoma, Musulmi da Kirista, suna zaune katanga da katanga daga Yelwan Makaranta zuwa Yelwan Tudu da Kagadama. Ba birni ce zalla ba, ba kuma ƙauye ba. Saboda haka kaji iri biyu ne ke rayuwa a cikinta: kazar gida mai yawon tono a lungu, da kajin gidan gona da ma'aikaci ke tsarewa a bayan ɗaki domin ya ƙara a kan albashi. Ra'ayi biyu ne kuma ke gogayya a cikin gida ɗaya. Uba ya tashi a inda kaza dukiya ce da nama, ɗansa kuwa ya raɗa mata suna, yana ajiye mata ragowar tuwonsa.

Ba sabon abu ba ne a ba yaro kaza. Tun kaka da kakanni ita ce jarin farko, a ba yaro sagara, ta yi ƙwai, ta yi kwanci na kwana 21, ta ƙyanƙyashe, a sayar da 'ya'yan a saya masa akuya. Manufar ita ce a koya masa tattali da kula. Wannan ya nuna cewa iyaye da kansu ne ke ƙulla igiyar da ke tsakanin yaro da kazarsa, don haka ba daidai ba ne ranar da igiyar ta tsinke su juyo su yi masa dariya. Wanda ya ce "kaza ce fa" ya faɗi gaskiya game da kuɗinta a kasuwa, amma ba kuɗin ne ke sa yaron kuka ba.

Abin lura shi ne, harshen da ya raina kaza shi ne kuma ya tanadi kalmar alhaki, kalmar da ba ta bambanta mutum da dabba ba. Tsohuwa in ta ga yara suna jifar ƙadangare, ko sun ɗaure wa tsuntsu zare a ƙafa, abin da za ta ce shi ne, "Kai, ku ji tsoron alhaki!" An kuma ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ma'anar ita ce duk abin da ke da rai, wanda kuma ba shi da bakin kai ƙara, yana da haƙƙi a kan wanda ya fi shi ƙarfi, haƙƙin kuma ba ya faɗuwa ƙasa banza. Musulmin Yelwa ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu. Maƙwabcinsa Kirista ya san cewa littafin Karin Magana ya sanya kula da dabba cikin halayen mai adalci. Ke nan yaron da ya ji nauyi a zuciyarsa bai ƙirƙiro wani baƙon abu ba, tarbiyyar da aka yi masa ce ta kama. Lokacin da A. H. M. Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, a laccarsa da aka buga a 1974, amana tana cikin goman da ya lissafa. Rai da aka danƙa wa mutum kuwa, komai ƙanƙantarsa, amana ce.

Amsa ta biyu ta fi ta farko taushi, ta kuma fi ta wuyar warwarewa. Cewa kwananta ya ƙare magana ce da ke da gindi a imanin jama'a, har ma da karin magana mai goya mata baya, cewa zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Babu mai musun wannan. To amma waɗanda ke faɗar karin maganar su ne ke gina akurki, su ne ke kife 'yan tsaki da kwando in sun ga inuwar shirwa. Ba su taɓa ɗaukar ƙaddara a matsayin dalilin barin ƙofa a buɗe ba. Ƙaddara tana amsa tambayar me ya sa rai ya ƙare yau ba gobe ba, yaron kuwa tambayarsa daban ce, yana tambaya ne ko yana da hannu. In aka ba shi amsar tambayar da bai yi ba, zai yi shiru don ladabi, amma zai kwana da tasa.

A ganina, abin da muke kira jin laifi a irin wannan hali abubuwa uku ne da suka cuɗanya. Akwai kewa, wadda za a ji ko da tsufa ne ya kashe kazar. Akwai laifi na haƙiƙa, watau mutum ya san abin da ya kamata ya yi amma ya yi sakaci. Akwai kuma na uku da ke tsakaninsu, wanda ba shi da suna tsayayye a bakinmu: ɗacin da mutum ke ji domin ta hannunsa abin ya biyo, alhali bai yi ganganci ba, bai kuma yi sakaci ba. Wanda ke cikin damuwa ba ya iya rarrabe su, dukkansu sunansu ɗaya a wurinsa, "ni na kashe ta". Aikin mai lallashi na gari shi ne ya taya shi tsince su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake tsince tsakuwa daga shinkafa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da yin irin wannan tsinta, kuma abin da suka fitar yana da amfani ko ga wanda ba shari'a ta kai shi ba. Sun raba zunubi da biya. Wanda ya ɓata dukiyar wani bisa kuskure ba shi da zunubi, amma biya ya hau kansa, domin kuskurensa bai mayar wa mai kaya da kayansa ba. Wanda aka ba ajiya kuwa, in ta salwanta ba tare da ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka ba, babu biya a kansa. Akwai kuma wata mas'ala a Muhtasar na Shaihu Halil, littafin da manyan ɗaliban zaure ke karantawa a ƙasar nan, wadda ta zo daidai da zancenmu: wanda ya ba yaro ƙarami ajiya, yaron ya lalata ta, babu biya a kan yaron. Dalilin da malamai suka bayar shi ne mai kayan ne da kansa ya ɗora yaron a kan kayan, alhali ya san yaro ne.

A gwada wannan hukunci da 'yan tsakin da ake rinawa ja da kore da shuɗi, ana tallarsu ga yara, musamman a lokutan bukukuwa. Galibinsu zakaru ne 'yan kwana ɗaya ko biyu, waɗanda masu ƙyanƙyasar kajin ƙwai ba su da bukatarsu, shi ya sa suke da araha. Ɗan tsako a makonsa na farko ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, yana bukatar zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, wanda ko dai ya samu a ƙarƙashin uwarsa ko a kusa da fitila. Sai a saya wa yarinya 'yar shekara biyar, a miƙa mata a leda ko kwali, ba uwa, ba ɗumi, ba wanda ya gaya mata abin da yake ci. Ta kwana tana leƙa shi, gari ya waye ya sandare. In kuma ba sanyi ne ya kashe shi ba, to ƙauna ce, domin ta rungume shi ta matse. A nan wa ya ɗauki alhaki? Yarinyar ce ke kuka, amma wanda ya saya ya miƙa ba tare da bayani ba shi ya kamata ya sunkuyar da kai. Sau da yawa kuwa shi ne mai cewa "kaza ce fa".

Batun matsewa yana bukatar a tsaya a kansa, saboda mutane da yawa, har da manya, ba su san dalilin da ya sa yake kisa ba. Kaza ba ta numfashi irin namu. Mutum yana da tantani mai ƙarfi da ya raba ƙirjinsa da cikinsa, shi ke jawo iska zuwa huhu. Tsuntsu ba shi da wannan. Huhunsa ƙanana ne, manne da haƙarƙari, ba sa kumbura sosai, abin da ke zuƙo iska ya tura ta shi ne wasu jakunkuna tara marasa kauri da ke cikin jikinsa, su kuwa ba sa aiki sai ƙashin ƙirji ya samu damar ɗagawa da sauka. Saboda haka wanda ya damƙe ƙirjin kaza ya hana ta numfashi, ko da bai kusanci wuyanta ba. Ɗan tsako ba ya bukatar matsa mai ƙarfi, tafin hannun yaro ya isa. Riƙon da ya dace shi ne a ɗora hannaye biyu a kan fukafukanta a hankali don kada ta yi fiffika, a ɗaga ta, a sa hannu ɗaya a ƙarƙashinta ya tallafi nauyinta, ƙafafunta suna tsakanin yatsu, a jingina ta da jiki ba tare da dannawa ba. Ɗan tsako kuwa a buɗaɗɗen tafi ake ɗora shi, a yi masa rumfa da ɗaya hannun, yaro yana zaune a ƙasa, don in ya zille kada ya faɗo daga sama. An fi samun sauƙin kama kaza da magariba bayan ta shiga akurki, maimakon a tara yara su bi ta da gudu cikin rana.

Wannan bayani yana tona wani abin da idonmu ya saba da shi har ba ma ganinsa. Duk ranar kasuwa ana shigowa da kaji ta hanyar Dass, an ɗaure ƙafafunsu, an rataye su a babur kai a ƙasa. Kazar da aka juya haka, kayan cikinta ne ke danne jakunkunan iskar da huhunta. Shirun da take yi ba natsuwa ba ce. Haɗa wannan da zafin watan Maris da Afrilu, lokacin da rana a Bauchi kan kai wajen digiri 40, ga halitta wadda zafin jikinta ya riga ya kai digiri 41, ba ta kuma yin gumi, sai dai ta buɗe baki tana haki. Abin mamaki shi ne, yaron da ya kashe tsako ɗaya da runguma yana kuka, mu da muke wahalar da goma a kan babur ba mu ji komai ba, saboda kowa haka yake yi. Jin laifi ba ma'auni ne mai adalci ba. Ya kan yi wa mai taushin zuciya nauyi fiye da kima, ya kuma tsallake wanda al'ada ta rufa wa asiri.

Wannan ne ya sa bai kamata a bar shi ya yanke hukunci shi kaɗai ba, sai an kawo masa shaidu. Shaida ta farko ita ce tambayar me mutum ya sani a lokacin, ba me ya sani yanzu ba. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, kullum a baya take. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Baruch Fischhoff, ya nuna a 1975 cewa da zarar an gaya wa mutane yadda wani al'amari ya ƙare, sai su ɗauka ƙarshen a fili yake tun farko, har su kasa tuna irin duhun da suke ciki kafin su ji. Mai kaza ya kan ce, "Ai tun jiya na ga ta yi laƙwas, me ya sa ban kula ba?" Gaskiyar magana ita ce kaza, kamar sauran halittun da ake farauta, tana ɓoye ciwonta, domin wadda ta nuna rauni ita shaho ke fara ɗauka, 'yan'uwanta ma sukan sare ta. Kafin ta kai ga sakin fukafukai da rufe ido, ciwon ya riga ya ci ƙarfinta. Alamar da ta zama ƙarara bayan mutuwa, jiya ba ta fi kaza mai hutawa a inuwa ba.

Shaida ta biyu ita ce sanin abin da ke kashe kaji a zahiri. Babban mai kisan kajin gida a ƙasar nan ba yaro ba ne, ba kuma muzuru ba, annoba ce wadda likitocin dabbobi ke kira cutar Niyukasil, da sunan wani gari a Ingila. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jaba na Indunusiya da kuma wannan gari, a Nijeriya kuwa a farkon shekarun 1950. Ta fi ƙamari da hunturu. Kaza ta kama haki, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, don haka kafso da barkonon da ake jiƙa musu a kasko ba sa kashe ta. Matar da ta kwana tana ɗura wa kazarta magani, ta wayi gari tana zargin kanta cewa maganin ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan, tana tuhumar kanta ne a kan abin da ba ya hannunta tun ranar da cutar ta shiga.

Abin da ke hannun mutum yana gaban wannan rana. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafin cutar, har da nau'in I-2 da aka samo daga Ostareliya, wanda ke jure zafi fiye da sauran, ana kuma ɗiga shi a ido duk bayan wata uku ko huɗu. Sa'an nan cutar ta kan ɗauki kwana biyu zuwa 15 a jikin kaza kafin ta bayyana. Ma'anar wannan ita ce kazar da aka sayo a kasuwa tana cara, tana iya ɗauke da ajalin na gida, domin kowace kasuwa matattarar kajin garuruwa da yawa ce. Ware baƙuwar kaza na mako biyu ko fiye kafin a haɗa ta da sauran, shi ne rigakafi mafi araha. Wanda bai taɓa jin wannan ba, ba shi da laifi a karo na farko. Wanda ya ji ya yi biris, to, a karo na biyu maganar ta sauya.

Akwai kuma inda mutum ke yin abin da ya dace, kaza ta biya kuɗin. Jihar Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba a 'yan shekarun nan, ɓera ne kuma ke yaɗa shi. Magidancin da ya zuba maganin ɓera domin ya kare iyalinsa, kazar 'yarsa ta tsattsage hatsin da ya gauraya da gubar, ba za a ce ya yi mugun nufi ba. Za a dai iya tambayarsa ko ya sa gubar a inda baki ba ya kaiwa, cikin bututu ko ƙarƙashin abin da aka danne, ko kuwa ya watsa ta a tsakar gida. In ya watsa ne, mutuwar kazar gargaɗi ce mai rahusa, domin abin da kaza ta tsinta, yaro mai rarrafe ma yana iya tsinta. Haka zancen yake ga mai fesa fiya-fiya a akurki don kashe ƙuma, da mai kunna gawayi ya ɗumama 'yan tsaki ya toshe kowace kafa, alhali gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari.

To, a ce an yi duk wannan tsinta, an tabbatar babu sakaci. Shin ɗacin zai tafi? Sau da yawa ba ya tafiya, kuma a nan ne na rabu da masu ganin cewa duk damuwar da hujja ba ta goyi bayanta ba cuta ce da ya kamata a warkar. Wani masanin falsafa na Ingila, Bernard Williams, ya kawo misali a 1976 da direban babbar mota wanda ya take yaro ba tare da laifinsa ba. Jama'a za su yi ta gaya masa cewa ba laifinsa ba ne, kuma daidai suka yi. Amma da zai karɓi maganarsu nan take, ya karkaɗe rigarsa ya ce lallai kam, ya koma kamar ɗan kallo, da waɗanda suka lallashe shi ne za su fara shakkar halinsa. Tun kafin Williams da fiye da shekara dubu biyu, Aristotal na Girka ya bambanta mutum biyu da suka yi ɓarna cikin rashin sani, wanda abin ya dame shi daga baya da wanda bai dame shi ba, ya ce na farkon ne kaɗai za a ce ya yi abin ba da son ransa ba. Damuwar ita ce shaidar cewa da ya sani da bai yi ba.

Ba ina daidaita ran yaro da na kaza ba ne, Allah ya kiyaye. Siffar al'amarin ce ɗaya. Yaron da ya taka ɗan tsako cikin duhu ya kasa barci, yana nuna mana cewa ya ɗauki abin da hannunsa da ƙafarsa suka yi a matsayin nasa, ko da bai nufa ba. Wannan hali ne da za a so a same shi a wurin direba da likita da mai riƙe da dukiyar jama'a. In muka yi masa dariya, mun koya masa cewa ƙaramin rai ba ya cikin lissafi. In muka yi masa duka, mun koya masa wani abin da ya fi wannan muni, watau ɓoyewa.

Ƙasar nan ta ga sakamakon ɓoyewa. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, ba a jima ba ta kai jihohi da dama, har da Bauchi. Diyyar da gwamnati ta fara sanarwa ita ce naira 250 a kan kowace kaza da aka kashe, abin da bai kai kuɗin kaza mai ƙwai ba, sai aka samu masu kaji da suka gwammace su yi shiru ko su gaggauta sayarwa, cutar kuwa ta bi kajin. A watan Janairu na 2007 ta kashe wata matashiya a Legas, ta kuma sake dawowa ƙasar a 2015. Inda faɗar gaskiya ke jawo hasara ko bulala, gawa ce ake turawa bayan katanga. Gidan da yaro zai iya zuwa ya ce, "Baba, kazata ta mutu, ina jin ni ne," ba tare da fargaba ba, shi ne gidan da za a gane da wuri in annoba ce ta shigo.

Saboda haka amsar da ta dace da wannan yaro ba ta da tsawo, sai dai tana bukatar gaskiya. A tambaye shi yadda abin ya faru, a saurara har ya gama. In cuta ce, a gaya masa sunanta da yadda take, a nuna masa cewa kajin maƙwabta ma sun mutu. In matsewa ce, kada a yi masa ƙarya, domin yara suna gane ƙaryar lallashi, a ce masa hannunsa ne, amma bai sani ba, kuma laifin rashin sanin na waɗanda ba su koya masa ba ne. In kuwa sakaci ne na gaske, an gaya masa ya rufe akurki ya tafi ƙwallo, a bar shi ya ji nauyin gwargwadonsa, kada a ƙara masa da gori, kada kuma a ɗauke masa duka. Wanda ya yi sakaci yana da hanyar fita da wanda tsautsayi ya faɗa wa ba shi da ita, domin shi yana da abin da zai gyara.

Saura gawar. Kazar da ta mutu da kanta mushe ce, ba a ci, wadda kuma ake gaggawar yankawa don ta fara layi, ita ma akwai haɗari a fige ta da gyara ta in ba a san abin da ke damunta ba. Ba a jefa ta a kwata ko bola, inda karnuka da sauran kaji za su ja cutar su zagaya da ita unguwa. A sa hannu cikin leda a ɗauke ta, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne, a wanke hannu da sabulu. Wanke hannun ma ba sai ranar mutuwa ba, domin lafiyayyar kaza tana iya ɗauke da ƙwayar salmonela a kashinta da gashinta, ita kuwa tana sa ƙananan yara zawo mai tsanani, shi ya sa ba a barin yaro ya sumbaci tsako ko ya kwana da shi a shimfiɗa. In kaji da yawa ne suka mutu a kwana ɗaya ko biyu, ba a taɓa su da hannu, ofishin likitan dabbobi ake sanarwa.

Ba laifi ba ne a bar yaron ya taya haƙa ramin, ya kuma mayar da ƙasar da kansa. Al'adarmu ba ta tanadi zaman makoki don kaza ba, ba kuma ina kiran a ƙirƙiro shi ba ne, amma aikin da mutum ya yi da hannunsa ya kan sauke abin da magana ba ta sauke ba. Kada kuma a yi saurin sayo masa wata a washegari, kamar an fasa kofi an maye. In annoba ce, akurkin yana bukatar a share shi, a ƙone shimfiɗar, a wanke kasko, a bar wurin ya sha rana na wasu makonni. In hunturu ya wuce, a nemi sagara mai kuzari daga gidan da aka san kajinsa, a ɗiga mata rigakafi, a ware ta mako biyu. Ranar da za a miƙa masa ita, babba ya durƙusa kusa da shi, ya ɗora hannun yaron a ƙarƙashin ƙirjinta, ya bar shi ya ji yadda ƙashin ke ɗagawa yana sauka.